Ranar Da Aka Sa Wa Jjajja Haƙora

Ku matso kusa 'yan uwa, yau babu doguwar gaisuwa. Har yanzu da nake danna muku wannan rubutun warin fenti bai bar hancina ba. Na wanke fuska sau uku, na shinshina lemun tsami, duk a banza. Wadda take cin abinci ta ajiye cokali tukuna, don ni dai ko ruwan shayi na kai baki sai zuciyata ta tashi.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Zaituni Nabbosa, shekarata ashirin da tara, ina ƙarshen digiri na biyu a makarantar zane ta jami'a nan Kampala. A gidanmu sunan wannan karatun "wasan kala". Idan baƙi suka tambayi Maama me nake karantawa, sai ta ce, "Tana jami'a dai," ta yi sauri ta tura musu farantin ayaba.

Litinin ɗin nan ce ranar da na yi shekara biyu ina jira. Ranar ake rataye aikin kowa a babban zaure, wani malami ya taso daga wata jami'a ya tsaya gaban zanenka hannu a baya, ya yi ta jefo maka tambaya har gumi ya jiƙa maka riga. Zane tara zan rataye, amma takwas 'yan rakiya ne. Ɗaya ne uban tafiyar, kuma kundin binciken da na rubuta tun daga shafin farko har na ƙarshe a kansa yake magana. Zanen Jjajja ne, kakata wadda ta haifi babana.

Wata goma sha huɗu ina hawa motar Masaka, garin Jjajja, duk ƙarshen mako saboda shi. Ban yi shi a kan farin ƙyallen kanti ba, a kan lubugo na yi shi, wanda aka bugo daga ɓawon itacen da ke bayan ɗakinta, jajawur kamar ƙasar garin. Tsayinsa ya fi ni. Jjajja na zaune a tabarma bayan madafa, ɗaure da tsohon zaninta a ƙirji, tana firar matoke, ɗanyar ayabar da muke dafawa. Kafaɗunta a waje, fatar ta saki, baki ya lotsa ciki don haƙori ɗaya ya rage mata, shi ma can a gefe. Haka take, haka na zana ta. Ita da kanta ta duba ta ce, "Ke 'yar nema, har da tabon ƙunar nan kika sa?" ta yi ta dariya har da tari.

Fuska da kafaɗu na gama su da fentin mai. Hannuwan kuwa da gawayi kawai na zana su, wata Lahadi da hantsi, tana fira tana mini faɗa in daina kafa mata ido kamar mayya. Na ce mako mai zuwa zan dawo in sa musu kala. Ranar Laraba aka kira mu ta cika. Ban sake taɓa hannuwan nan ba. Suna nan da baƙin gawayinsu, wani layin ma sau biyu na ja shi don ta motsa, daga nan har ƙasa lubugo ne zalla babu fenti. Malamin da ke duba aikina, Dakta Okwera, mutumin da ba a taɓa jin ya yabi kowa ba, ya tsaya gabansa ya fi minti goma, sannan ya ce, "Nabbosa, in kika ƙara ko ɗigo ɗaya a wurin nan, ni da ke ne."

To, sai Twaha.

Twaha Walusimbi mai shagunan tayil da kayan banɗaki ne. Ssenga Nalugwa, ƙanwar babana, ita ta samo mini shi, kun kuwa san maganar auren 'ya mace a hannun ssengarta take. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba mummuna ba ne, yana salla, yana kula da uwarsa. Sai dai in ya fesa turare ko ƙuda ba ya iya zama a ɗakin, kuma kullum da tsinken sakace a gefen baki, yana magana yana juya shi da harshe. Na yarda ya riƙa zuwa ne don na gaji. Ku da kuka kai ashirin da tara a gidan iyaye kun san irin gajiyar da nake nufi.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa ɗakin zanenmu. Ya shigo da farin takalmi yana tsallake gwangwanaye da tsummokara, yana yatsina. Lamunu, ƙawata da muke raba ɗakin, ta ɓuya bayan allonta tana gimtse dariya. Ya tsaya gaban Jjajja.

"Wannan ce kakar taki?"

"Ita ce."

"Allah sarki. Ba ta da riga ne?"

"Aiki take yi a bayan madafa, Twaha."

"To hannun fa? Fenti ne ya ƙare miki? Haba bebi, ai sai ki yi magana. Abokina yana da shago, bokiti-bokiti."

"Ba ƙarewa ya yi ba. Haka nake son shi. Na gama."

"Kin gama?" Ya zare tsinken ya nuna ƙasan zanen da shi. "Ni a sana'ata in mai sa tayil ya bar mini rabin ɗaki haka ya ce ya gama, wallahi sai 'yan sanda sun raba mu."

Ya yi dariyarsa shi kaɗai, ya kai ɗan yatsa zai shafa gawayin. Ban san lokacin da na buge masa hannu ba. Ya dube ni, ya dubi Lamunu, ya ce, "Kai, masu ilimi akwai zafin kai." Da ya fita Lamunu ta ce, "Ke, wannan in kika aure shi bangon masai zai sa ki yi wa fulawa." Muka yi dariya har muka zauna a ƙasa. Ni wawiya, a nan na ɗauka magana ta ƙare.

An sa ranar kukyala Asabar, ranar da zai zo da 'yan uwansa gidan Ssenga su gabatar da kansu. Na roƙa a ɗaga zuwa bayan jarrabawa. Ssenga ta ce, "Dangin miji za a ce wa su jira wasan kala? Ki rufa mini asiri." Tun Laraba da safe ta zo ta tasa ni gaba zuwa gidanta a Kawempe, wai kwana uku za ta yi tana gyara ni.

Gidan Ssenga kujerunsa har yau ba a cire musu leda ba, in ka zauna sai ta manne maka a cinya. Furen roba a kan talabijin, furen roba a kan firij, har bakin tagar banɗaki. A falon nan na wuni ina koyon durƙuso, ni da na girma ina durƙusa wa kowa. Wai nawa na 'yan jami'a ne, gwiwa ɗaya tana riga ɗaya sauka.

"Sake! Bayanki a miƙe, idonki a ƙasa. Kina kallon mutane kamar za ki auna musu fuska."

"Ssenga, aikina ke nan."

"Aikinki ya ƙare ranar Asabar. Miƙo hannun nan. Innalillahi! Wannan farcen mace ne ko na bakanike?"

Ta sa kananzir da soson ƙarfe ta dirje mini yatsu har suka yi ja. Ta koya mini naɗe kaza a ganyen ayaba yadda romo ba zai zuba ba, ta kuma koya mini wasu abubuwan da ba zan rubuta a nan ba don akwai yara a wannan zauren. Ni dai jikina yana Kawempe, hankalina yana kan bangon da zan rataye Jjajja, ina lissafin inda hasken taga zai faɗo mata.

Juma'a bayan azahar saƙon Lamunu ya shigo.

"Amarya, ashe firam za a sa wa Jjajja ba ki faɗa mini ba? Na dawo daga gida na tarar bango wayam. Mai gadi ya ce mutanen mijinki sun zo da mota tun Laraba da yamma, da makullinki suka buɗe."

Na zazzage jakata a kan gado. Fensira, gawayi, tsohon tikitin mota, man leɓe. Babu makulli. Na ɗauki waya na rubuta wa Twaha.

"Ina zanena?"

"Haha bebi ta gano. Ba-zata ce."

"Twaha ina zanena yake? Litinin nake jarrabawa."

"Yana hannu mai kyau. Gobe za ki gani, sai kin yi kukan daɗi."

"Kada kowa ya taɓa shi. Gawayi ne, ko hannu aka goga ya tafi."

"Na sani mana. Shi ya sa."

Ya turo hoton zuciya guda shida da ɗan mutum mai kashe ido. Na kira sau tara bai ɗaga ba. Na je wurin Ssenga a madafa, ta ce ita ba ta san komai ba, in bar damun bawan Allah yana shirin gobe. Sai na zauna ina lallashin kaina. Firam ne kawai, na ce. Komai muninsa, ƙusa ce, Lahadi zan sa filaya in cire. Kun ga yadda mutum yake yi wa kansa ƙarya da rana tsaka?

Asabar tun da sassafe aka fara naɗa ni. Gomesi, doguwar rigar bikin matanmu, ruwan hoda mai ƙyalli, kafaɗun sun miƙe tsaye har suna taɓa mini kunne, a ciki an naɗa mini zannuwa uku don in yi ƙugu, a sama ɗamara mai faɗi da Ssenga ta ja har na ji haƙarƙarina ya yi ƙara. Mai kwalliya ta shafa mini hodar da ta fi ni haske nesa ba kusa ba, na duba madubi na ga fuska daban wuya daban. Ssenga ta karɓe wayata ta kashe, ta jefa a durowar gadonta.

"Amarya ba ta fita gaban surukai tana latse-latse."

Ƙarfe ɗaya suka iso, mota uku. Twaha cikin farar kanzu, doguwar rigar mazanmu, da kwat a sama, da kawunsa Hajji Ssemakula mai magana da yawunsu, da yayyensa mata biyu, da wasu abokai. Na fito da rarrafe na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ido a ƙasa. Na zuba musu ruwan wanke hannu, na kwance musu luwombo, kazar nan ta cikin ganyen ayaba. Ina durƙushe a gefe ina jin yadda Twaha yake tsotsar ƙashin kaza, yana fito da ɓargo da ƙara, yana ajiye tauna a bakin faranti. Yayarsa ɗaya ta leƙa hannuna ta raɗa wa ɗayar wani abu. Maama na can bakin ƙofar ciki tana ta murmushi kamar an ce mata ta ci kujerar Makka.

Da aka kwashe kwanuka Hajji ya gyara murya.

"Ssenga, ɗanmu ya zo da wata 'yar tsaraba ta musamman. Ya ce 'yarku tana da wani aiki da ya gagare ta ƙarasawa saboda hidimar nan tamu, shi kuma ba ya son a ce ya shigo rayuwarta ya tsayar mata da karatu."

Aka yi tafi. Ni kuwa kalma ɗaya kawai na ji: ƙarasawa.

Wari ne ya fara shigowa kafin abin. Duk wanda ya taɓa wucewa ta inda ake fentin ƙofar ƙarfe ya san shi, warin nan mai hawa kai. Maza biyu suka shigo da shi a kafaɗa, an lulluɓe da farin leshi, firam ɗin ruwan zinare yana leƙowa ta ƙasa, kauri kamar ƙafar gado. Suka jingina shi da bango, Twaha ya tashi ya gyara kwat, ya kama bakin leshin ya dube ni.

"Bebi, ɗago ki gani."

Ya ja.

'Yan uwa, wata mata ce. Wata mata fara sol mai kumatu, fuskarta sumul babu ko layi ɗaya, an ja mata gira, an sa mata jan baki. Tana dariya da haƙora talatin da biyu, farare tas, jere kamar tayil ɗin shagonsa. An sa mata koren gomesi mai duwatsu, da sarƙa, da tabarau. Tabarmar ta zama kujerar kushin ja. Madafar ta zama bene mai hawa biyu, ga wata farar mota a ƙofarsa, ga sama shuɗiya da tsuntsaye uku. Lubugon gaba ɗaya an shafe shi da fenti mai sheƙi, ko tafin hannu ba a bari ba.

Na nemi hannuwan. Inda gawayina yake, inda layin nan biyu yake, yanzu wasu lufta-luftan hannuwa ne masu jan farce da agogo, suna riƙe da jakar hannu. A can ƙasa daga dama an rubuta da ruwan zinare: Zaituni da Twaha, ƙauna har abada.

Falon ya ɗauki guɗa. Yayyensa suka tashi suna ɗaukar hoto. Maama ta ce, "Masha Allah, kamar ta yi magana!" Hajji ya ce wannan ai sai fadar sarki.

"Wani gwani ne a Katwe," in ji Twaha, yana juya tsinkensa. "Shi yake zana mini allon shaguna. Kwana biyu kacal! Na ce masa dubi yarinyar nan, wata goma sha huɗu tana fama, taimaka mata. Ya ce ai ƙyallen ma shan fenti yake kamar soso, sai da ya yi masa shafi uku."

Shafi uku. Fentin ƙofa a kan lubugo. Ku da ba ku san aikin ba, bari in gaya muku: ba ya fita. Ba kananzir, ba wuƙa, ba addu'a. Ya shiga cikin ɓawon ya zama shi.

Na rufe baki da hannu na rarrafa na fita, suka ɗauka kunya ce, har wani yana cewa, "Kukan daɗi ne, ku ƙyale ta." A bayan madafa na amayar da duk abin da na ci tun safe, a kan bakin gomesin haya.

Ssenga ta biyo ni da kofin ruwa.

"Kurkure bakinki ki koma. Saura tambaya."

"Ssenga, ya kashe mini aiki. Ya kashe ta."

"Kada ki ɗora wa yaron mutane. Ni na ɗauki makullin a jakarki, ni na ba shi."

Na ɗago na dube ta. Ba ta ko ƙifta ido ba.

"Ni na gaya wa mai fentin kalar gomesin. Uwata ce, Zaituni, kafin ta zama kakarki. Kina nufin in zauna ki rataye uwata a gaban ƙartin jami'a, kafaɗa a waje, baki ba haƙori, a kan ƙyallen da kakanni suke naɗe gawa da shi? Su tsaya suna nuna ta da biro? Matar nan shekara hamsin tana firar matoke a bayan madafa don mu yi karatu. Ba ta taɓa hawa kujerar kushin tata ta kanta ba. Ko a hoto ba za ki bar ta ta huta ba?"

"Ta gani, Ssenga. Ta gani ta yi dariya. Ta ce in bar tabon."

"Ta ce miki don tana son ki. Ni na san abin da take so."

Idonta ya kawo ruwa, ta share da gefen ɗamara da sauri don kada hoda ta ɓaci. Na so in tsane ta gaba ɗaya, abin ya ƙi. Wannan ya ƙara mini ƙyamar komai, har da kaina da na zauna kwana uku ina koyon durƙuso ana can ana shafe mini shekara biyu.

Ina tsugune a wurin wani tunani ya faɗo mini. A dokar makarantarmu, in aiki ya lalace kafin jarrabawa, gobara ko ruwa, ana karɓar hotonsa mai kyau a buga shi babba a rataye, malamai su yi hukunci da shi. An yi wa wani haka bara. Sai dai ni ina da wata ɗabi'a da Dakta Okwera ya yi ta mini faɗa a kai: ba na ɗaukar hoton aiki sai ranar da na rubuta sunana a kansa, kuma ba na barin kowa ya ɗauka. Gani nake kamar in aka ɗauka ya mutu. Zanen Jjajja kuwa sai Lahadin nan na shirya rubuta sunana a kansa. Ko hoto ɗaya ba ni da shi.

Ssenga ta goge mini baki, ta ƙara mini hoda, ta tura ni ciki.

Ina shiga na tarar Twaha ya zauna kusa da Hajji yana nuna masa waya.

"Kawu dubi yadda yake da. Na ɗauka kafin a fara, don a ga bambanci. Dubi nan, dubi nan. Kamar wadda ta fito daga asibiti."

Hajji ya ce, "Subhanallahi. Kai, ka yi jihadi."

Na rarrafa har gabansa, na durƙusa irin durƙuson da Ssenga take so, gwiwa biyu tare, baya a miƙe. Na sassauta murya har ni kaina na ji ƙyamar ta.

"Ssebo, yallaɓai, ko zan iya gani ni ma?"

"Kun ji ko? Ssebo!" Ya dubi abokansa yana washe baki. "Karɓi, bebi. Ki ga inda na tsamo ki."

Na karɓa da hannu biyu. Wayar duk maiƙon kaza. Ga ta nan. Jjajjata, da bakinta, da tabonta, da hannuwanta na gawayi, hoton ya fita tsaf, hasken rana ya faɗo mata daidai. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, na lulluɓe wayar da hannun gomesi, na nemo sunana. Ya ajiye ni da "Madam Tayil". Na tura. Na ga ya tafi. Na miƙa masa kayarsa na koma gefe.

Sai Hajji ya ce, "To Ssenga, mun ci mun sha. A tambayar mana 'yarku."

Ssenga ta zauna a tabarma kusa da ni, ta dafa mini kafaɗa, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Zaituni 'yata, waɗannan baƙin da suka cika mini gida, kin san su? Mu karɓe su?"

Amsar da aka koya mini ita ce, "Na san su, Ssenga," a hankali, ido a ƙasa. Na yi ta maimaita ta kwana uku.

Na dubi matar nan mai haƙora. Na dubi sunana da aka rubuta a ƙarƙashinta. Sai na dafa ƙasa na miƙe tsaye. A gaban surukai, a gaban Hajji, a tsaye ƙiƙam. Na ji Maama ta ce, "Wayyo Allah."

"Ban san su ba, Ssenga."

"Zaituni!"

"Ban san su ba. Wannan matar da ke jingine da bango ma ban san ta ba. Wanda ya kawo ta ya mayar da ita shagonsa ya rataye a kan kayan masai, can ta dace."

Tsinken ya faɗo daga bakin Twaha ya sauka a kan kanzunsa. Yayarsa ta ce, "Ai na faɗa muku, 'yan jami'ar nan!" Hajji ya fara salati. Ban tsaya ba, na tattare gomesi na tsallake ƙafafun mutane na shige ɗakin Ssenga na murza makulli.

Wallahi a lokacin ji na yi kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Na ja durowa na ɗauko wayata na kunna. Ina jira ta buɗe ina tsara komai: in tura wa Lamunu, ta kai wa masu buga hoto yau ɗin nan, gobe in sami Dakta Okwera in faɗa masa gaskiya. Zai yi faɗa, zai ce ai ya gaya mini, amma zai tsaya mini. Hoton ba lubugo ba ne, ba zai taɓa zama shi ba, amma hannuwan suna nan.

Wayar ta buɗe. Saƙonni suka fara shigowa. Na danna sunan Twaha.

"An goge wannan saƙon."

Na karanta sau uku. Na fita na sake shiga. Na duba cikin hotuna, babu komai, wayar a kashe take lokacin da ya shigo, bai sauka ba. Ashe ina juya baya ya duba wayarsa. Mutumin da na ɗauka bai san komai ba sai tayil.

A waje Ssenga tana dukan ƙofa tana kiran sunana. Maama tana kuka. Sai ga alamar Twaha yana rubutu, ta tsaya, ta sake dawowa.

"Hoton yana nan, bebi, ban goge nawa ba tukuna. Kawu ya ce mu ba ki minti goma. Ki fito ki durƙusa ki gyara amsarki, in turo miki yanzu. In mun tashi kuma, shi ke nan."

Na zauna a bakin gadon Ssenga, ɗamara ta shaƙe ni, warin fentin ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Litinin saura kwana biyu. Abin da ya rage a duniya na hannuwan Jjajja yana cikin aljihun kanzun Twaha, kuma minti uku sun riga sun tafi.